Ɗurar Izzuddeen

Tun daga zaure ake jin ihun yaron, amma a gidan Hajiya Lubabatu ba mai ɗaga kai, don kowa ya san lokacin ɗura ne. Atika ce zaune a tsakar gida ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da Izzuddeen a cinyarta, ta danne masa hannuwa da ƙafa ɗaya. Ta kafa tafin hannunta na hagu a ƙarƙashin leɓensa, ta ɗebo kastad da ludayi ta cika tafin, sannan ta toshe masa hanci da yatsu. Yaro ya yi ta wutsil-wutsil, ya riƙe numfashi iya ƙarfinsa. Da ya ga uwar bari ya buɗe baki neman iska, sai kastad ya wuce. Ya haɗiye, ya ƙware, ya yi tari, idanunsa suka firfito. Kafin ya gama kukan wannan an sake cika tafin.

Aikin Atika ke nan a gidan, safe da rana da yamma. Ba don iya girki aka ɗauke ta ba, don ƙarfin cinya aka ɗauke ta. 'Yar ƙauyen Lafani ce, a kan turmi da guga ta tashi, kuma irinta ake nema, domin shekarar Izzuddeen uku kacal amma sai babba ya yi nishi kafin ya ɗaga shi. Wuyansa ya nutse cikin kafaɗu. Cinyoyinsa suna gugar juna har sun saɓule, kullum sai an barbaɗa musu hoda. In ya yi taku kaɗan daga ɗaki zuwa rijiya sai ya zauna yana haki, in ya yi barci kuwa minsharinsa ya fi na dattijo. Wannan duka a wurin kakarsa Hajiya Lubabatu ba ciwo ba ne, ado ne.

Tana zaune kan kujerarta ta roba da carbi a hannu, idonta na kan kwano. In Atika ta sassauta don yaron ya numfasa, sai ta ce a ƙara masa, kukan shagwaɓa ne, Maigidanta bai ƙoshi ba. Haka take kiransa, Maigida, kamar yadda kakanni ke yi wa jikoki wasa. Sai dai nata wasan da ludayi ake yinsa.

Ba za a ce Hajiya ba ta son jikanta ba. Tana sonsa, so mai tsanani. Amma akwai wani abu bayan son. Tun da aka rufe boda kasuwar ɗanta Bashar ta karye. Motocin da a da suke tsallakawa Ƙonni da kaya su dawo da kaya sun yi zaman dirshan har tayoyinsu suka sace, kuma ko da aka buɗe hanya, kasuwar ba ta dawo yadda take ba. An sayar da abin da aka sayar a ɓoye. Abu ɗaya ya rage wa gidan da zai nuna wa Illela cewa har yanzu akwai, shi ne jikin Izzuddeen. Duk matar da ta shigo sai ta ja kumatunsa ta ce tubarkalla, wannan gida bai san an rufe boda ba. A kan wannan magana Hajiya ke kwana take tashi. Mata na yi wa rogo kallon kitse, ita kuma ta rantse ba za ta bari a gane rogo ne ba. Don haka ko manyan gidan za su ci tuwo da miyar kuka tsura, sai an sayo wa yaro madarar gwangwani da kastad da sukari da man shanu, a bi shi da indomi da lemon kwalba.

Atika na da tata 'yar, Salwa. Ta girmi Izzuddeen da shekara biyu, amma in suka tsaya tare sai ka ce ƙanwar bayansa ce. Gashinta ya yi ja ya kakkarye, hannuwanta kamar karan dawa, ciki ne kawai a gaba. Uban Salwa, Dabo, da babur yake ɗaukar buhuna ta hanyoyin daji zuwa tsallake, har ranar da ya faɗi da lodi cinyarsa ta karye. Tun daga nan yana kwance a ɗakin haya a bayan gari, ɗori ya ƙi kamawa. Abin da Atika ta kankaro daga gindin tukwanen gidan Hajiya, ƙanzo da sauran miya, shi su ukun ke ci. In aikin nan ya kuɓuce mata, Salwa ba ta da jikin da zai jure ko mako guda na babu. Atika ta san haka sarai, shi ya sa take danne yaron mutane tana toshe masa hanci ranta na ƙuna. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne sauran kwano. Hajiya ta kafa doka cewa ba ɗan da zai ci sauran Izzuddeen, wai duk yaron da ya ci sauran wani, jikin wancan yake kwashewa ya dawo nasa. Ko a ina ta samo wannan ilimi, Allah masani. In ɗura ta ƙare da saura a kwano, ragon da ake kiwo a bayan gida ake juye wa. Salwa na raɓe a jikin bangon madafa tana kallon rago yana lashe madara da sukari, ba ta kuka, ba ta roƙo, haɗiyar yawu kawai take. Atika kan juya baya don kada ta gani.

Uwar Izzuddeen kuwa tana nan cikin gidan, Ummu Kulthum matar Bashar, yarinya mai sanyi, 'yar gidan malamai. Izzuddeen ɗanta ne na fari, ga kunyar ɗan fari, ga surukuwa irin Hajiya. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, tun da aka yaye shi ya koma ɗakin kakarsa. In ihunsa ya tashi sai ta shige ɗaki ta saki labule. Mutanen gidan na yaba mata kawaici. Ba wanda ya taɓa leƙawa bayan labulen ya ga yadda take cizon gefen zane.

Wata rana zazzaɓi ya kama yaron, Hajiya kuma ciwon ƙafa ya hana ta fita, dole aka haɗa Ummu Kulthum da Atika suka kai shi asibiti. Ma'aikaciyar da ta ɗora shi a sikeli ta dubi sikelin, ta dubi yaron, ta tambayi shekarunsa har sau biyu. Ta ce zazzaɓin ba komai ba ne, ƙibar ce abin tsoro, kitse ya danne masa ƙirji, in ba a rage masa zaƙi da maiƙo ba kuma aka ci gaba da ɗura, wata rana numfashin da ya tafi ba zai dawo ba. Sai idonta ya faɗa kan Salwa da ke riƙe da zanen uwarta, ta ce ita kuma wannan abin da ake ɗura wa wancan ne take nema. Ta faɗi haka ne kawai ta kira na gaba.

Da aka kai wa Hajiya labari ta yi tsaki, ta ce baƙin ciki ne na ma'aikatan da albashinsu bai isa su sayi madara ba. Bashar ya ce abin da Hajiya ta ce shi ke nan, ya sa takalmi ya fita. Ummu Kulthum kuwa ta jira. Sai da la'asar, ta sami Atika ita kaɗai a madafa tana dama kastad, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon waje kamar ba da ita take ba.

"Atika, don Allah ki rage ma yaron ga. Rabi ya ishe shi. Ni ba ni iya hwaɗa ma Hajiya."

"To in ta ga kwano da saura hwa?"

"Ki rage tun nan cikin madahi, ki ƙara ruwa. Abin da kinka ɗebe ki san yadda kinka yi da shi. Ni ban gani ba."

Ta wuce abinta. Atika ta daɗe riƙe da ludayi. Ta san abin da ake nufi, ta kuma san in asiri ya tonu ba Ummu Kulthum za a kora ba. Amma Salwa na zaune a bakin murhu tana tsotsar yatsa. Atika ta ɗebi mai kaurin ta zuba a wani tsohon kofi, ta tura shi bayan tulu, ta tsinke na kwanon da ruwan zafi.

Haka aka yi ta yi har makonni suka shuɗe. Kwano na fita cike kamar kullum, Hajiya na ganin an shanye, ranta fari. A bayan tulu Salwa na durƙushe tana shan nata da sauri, uwarta na tsaye a ƙofa tana gadi. Kuma abin ya karɓi yaran duka biyu. Izzuddeen ya fara bin kaji a tsakar gida, minsharin ya ragu, har wata rana ya yi dariya a kan cinyar Atika, abin da bai taɓa yi ba, don a da ganinta kawai ke sa shi kuka. Salwa kuma kumatu suka fara fitowa, ta fara surutu, ta fara rigima irin ta yara masu ƙoshi. Atika ta yi farin cikin da ta manta rabonta da irinsa. Farin cikin ne ma ya rufe mata ido, ta manta cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Ana saura kwana kaɗan a yi suna a gidan wani attajiri da Hajiya ke gasa da matarsa, ta fito da rigar shadda da aka ɗinka wa Izzuddeen don ta gwada masa. Rigar da a da sai an ja kafin ta shiga, yau ta zauna masa daidai har da sarari a wuya. Hajiya ta juya shi gaba, ta juya shi baya, ta matsa damtsensa. Sannan ta ɗaga kai, Salwa ta gifta da gudu tana dariya. Tsohuwa ta bi ta da kallo har ta shige madafa. Ta ninke riga.

Washegari da hantsi, maimakon ta zauna kan kujerarta ta jira kwano, sai ta cire takalmi ta lallaɓa. Mai ciwon ƙafa ranar ba a ji ko motsinta ba. Atika ta juya ɗauko sukari ke nan, sai ganin mutum ta yi a kanta. Salwa na bayan tulu, kofi a baki.

"Mi ɗiyag ga taka sha?"

Ba ta jira amsa ba. Ta fizgo Salwa da gashi ta jawo ta tsakar gida, kofi ya yi gefe. Ta matse mata kumatu da hannu ɗaya har bakin ya buɗe, ta zura yatsu tana ƙwaƙulo abin da ke ciki, tana cewa ta tofar, ta tofar da jikin Maigidanta. Yarinya ta yi kakarin amai. Hajiya ta zari muciya ta sauke mata a baya, ta ƙara a baki, leɓe ya fashe. Atika ta faɗa tsakani ta rufe 'yarta da jikinta, muciya ta ci gaba da sauka a gadon bayanta da ƙeyarta. Ga ƙarfi a jikinta wanda da ta so da hannu ɗaya za ta zaunar da tsohuwar, amma ta sunkuya ta sha, don tukunyar gidan ce ke riƙe da ranta.

"Ashe ke ka kwashe min jikin Maigida kina liƙa ma ɗiyakki. Ɓarauniya. Na ɗauko ki kina warin yunwa."

Hayaniya ta fito da mutanen gida. Ummu Kulthum ma ta ɗaga labule ta tsaya. Atika ta ɗago ta dube ta, kallo ɗaya, ba ta ambaci sunanta ba. Hajiya ta lura da kallon, ta juya ta tambayi surukarta ko da saninta aka yi wannan. Ummu Kulthum ta sunkuyar da kai. Can ta girgiza kai alamar a'a.

Dukan bai yi wa Atika zafin wannan girgiza kai ba.

Hajiya ta shiga madafa da kanta. Ta dama kastad a babban kwanon sha, ta juye madara gwangwani guda, ta zuba sukari da hannu, ta narka man shanu a kai, ya yi kauri har ludayi na tsayawa. Ta dire shi gaban Atika, ta sa aka ɗauko Izzuddeen. Ta sa Salwa ta durƙusa a gefe don ta kalla, jini na ɗiga daga leɓenta.

"Ki mayar mishi da abin da kinka sata. In kin rage ko ludayi guda, ki kwashi ɗiyakki da gurgun mijinki ku koma Lafani ku ci ƙasa."

Izzuddeen ya zo da kansa ya hau cinyar Atika, don a 'yan makonnin nan ya saba da ɗura mai sauƙi, ruwa-ruwa, da hutu a tsakani. Har ya kama mata ɗan yatsa yana wasa. Atika ba ta gan shi ba. Idonta ya rufe, kunnenta na ƙara, bayanta na zogi, a gefen idonta kuma ga Salwa durƙushe. Ta danne yaron da ƙafa, dannewar da ba ta taɓa yi masa ba. Ta cika tafi, ta toshe hanci. Ya haɗiye. Ta cika, ta toshe. A da takan saki hancin ya ja iska kafin na gaba, yau ba ta saki ba. Hajiya na so a shanye, to za a shanye. An bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin nan ɗan shekara uku ne da bai san laifin da ya yi ba. Yaro ya yi ta shure-shure, duga-dugansa na bugun siminti, kastad na fita ta gefen baki tana mayarwa da yatsa. Hajiya na tsaye a kansu tana cewa haka, haka, a ƙara.

Sai ƙafafun suka daina bugun ƙasa.

Atika ta ɗebo wani ludayin kafin ta gane cewa na tafinta bai wuce ba. Ta saki hancin. Kastad ya biyo ta hancin a hankali. Bakin yaron a buɗe, leɓunansa sun yi duhu, idanu sun juye sai fari. Jikin nan mai nauyi ya saki a cinyarta gaba ɗaya.

"Izzuddeen!"

Ummu Kulthum ce. Ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta sai ranar. Ta taho da gudu ba ɗankwali, ta ture Hajiya har tsohuwar ta faɗi zaune, ƙafarta ta yi fatali da kwano. Ta fizge ɗanta, ta kifa shi a gwiwa tana dukan bayansa tana kiran sunansa ba ƙaƙƙautawa. Wata ta kwara masa ruwa, wata ta fita titi tana kururuwa. Atika na zaune inda take, hannunta na hagu a buɗe har yanzu, kastad na bin gwiwar hannun.

A haka Bashar ya shigo daga zaure. Ya ga ɗansa ba ya motsi, ya ga tasa uwar a ƙasa. Hajiya ta nuna Atika da carbi ta ce ta kashe shi, don an kama ta da sata ta kashe shi. Bai tambayi kowa komai ba. Ya sa ƙafa ya hamɓare Atika a ƙirji, ta kife, ya bi ta da takalmi a haƙarƙari da fuska, ya ja ta da wuyan riga har zaure ya wurga ta waje. Haƙorinta ɗaya ya fita. Ba ta kare kanta ba, ba ta ce Hajiya ce ta sa ta ba, ba ta ce Ummu Kulthum ta sani ba. Da hannunta ta yi, ta kuma san a lokacin da take yi ba tsoron kora kaɗai ke tuƙa hannun ba.

Aka fito da yaron a guje aka sa a motar maƙwabci. Ana ƙoƙarin rufe ƙofa ya yi wani irin tari, ya amayo, sai wani siririn numfashi mai fito kamar na ɗan tsako. Yana da rai lokacin da motar ta tashi, iyakar abin da Atika ta sani ke nan. Mutanen gida da na unguwa suka bi bayan motar zuwa asibiti, har Hajiya, ana riƙe da ita tana salati. Ba wanda ya sake waiwayar matar da ke kwance a bakin zaure. Ko yaron ya tashi ko bai tashi ba, ita dai ta gama cin tuwon gidan nan, kuma a Illela ba gidan da zai sake ba ta ko wanke-wanke.

Ta dafa bango ta miƙe, ta tofar da jini, ta koma ciki neman 'yarta. Tsakar gida ba kowa. Kwanon na kife inda aka yi fatali da shi, kastad ya malale a siminti, ya haɗu da ƙasa da sawun takalma. Salwa na durƙushe a bakinsa, leɓe a kumbure, tana sharɓo shi da yatsu tana kaiwa baki da sauri. Da ta ji motsi ta zabura ta kare kanta da hannu, sai ta ga uwarta ce.

"Inna, ba sauranai na ba. Wanga ƙasa ya zube."

Atika ta buɗe baki za ta hana ta, sai ta fasa. Ta tuna ɗakinsu na bayan gari, da Dabo kwance yana jiran ƙanzon da ba zai zo ba yau, ba zai zo ba gobe. Hawaye ya zubo mata, na yaron da ke cikin mota da na wannan da ke gabanta, ba ta iya raba su ba. Ta durƙusa da ƙyar saboda haƙarƙarinta, ta jawo kwanon ta gyara masa zama, ta sa gefen hannu tana tattaro inda ƙasa ba ta taɓa sosai ba tana zubawa a ciki.

"Ci maza," ta ce, "kahin su dawo."